Ka sa wa kwamfuta ruwa amma har yanzu tana zafi? Ga yadda nake bin matsalar a nan Legas

Kwanakin baya wani bawan Allah ɗan Agege ya kawo min kwamfutarsa shago, shi sana'arsa haɗa bidiyon biki da walima ne, ya kwantar da ita a kujerar bayan mota ya lulluɓe da bargo saboda kar gilashin ya fashe a hanya. Yana direwa yace "Oga dan Allah duba min, kuɗin da na zuba a kan kayan ruwan nan ya isa in sayi wata kwamfutar, amma ina danna renda, wato fitar da bidiyon da na haɗa, sai firosesa ta haye digiri 100, fankoki su dinga ihu kamar injin markaɗe. Lagireto zan ƙara ko famfo zan canza?" Nace Alhaji dakata tukuna, shi ruwan kansa digiri nawa yake kaiwa? Yayi shiru. Nace to ɗakin da kake aiki fa, nawa ne zafinsa da rana? Nan ma bai taɓa aunawa ba.

Wallahi abun nan yana damuna, don kusan duk wanda ya zo da wannan kukan ya riga ya yanke hukuncin abun da zai saya tun kafin ya san ina ciwon yake, kuma kayan nan da dala ake shigo dasu. Shiyasa nace bari in zauna in rubuta yadda nake bi.

Abu na farko da ya kamata ka saka a ranka, ruwa ba ya ƙirƙirar sanyi. Ɗan dako ne kawai, irin na Mile 12, ya ɗauki kaya daga bakin tirela ya kai rumfa ya dawo ya ƙara ɗauka. Zafi yana fita daga firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ratsa pes, man da ake shafawa a kanta, ya shiga bulok, ƙarfen da yake zaune a kanta ruwa yana bi ta cikinsa, ruwa ya ɗauke shi ya kai lagireto, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Shikenan tafiyar. Kenan ruwanka ba zai taɓa yin ƙasa da zafin ɗakinka ba ko da lagireto goma ka jera. Turawan da kake gani a YouTube suna nuna firosesa a 70 yawancinsu a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwajin, kai kuma kana Legas a watan Fabrairu ko Maris, waje yana 32 ko 33, ɗakin kwano ne ba esi, an ɗauke wuta tun safe kana kan janareto. Digiri goma ka riga ka ci bashinsu tun kafin ka danna komai.

To lamba uku zaka nemo: zafin ɗaki, zafin ruwa, zafin firosesa ko katin girafik mai sarrafa hoto da bidiyo. Na ɗaki ƙaramin ma'aunin zafi na bango ya isa, amma ka ajiye shi daidai inda kwamfutar take shaƙar iska ba can bakin taga ba. Na firosesa da girafik ka sauke HWiNFO64 kyauta ne, zai nuna maka zafi da wat ɗin da kowanne yake ci da gudun fanka da na famfo. Na ruwa shine mutane basu da shi, alhali sensar ruwa tana cikin mafi arahar kayan layin ruwan gaba ɗaya, 'yar toshiya ce mai zaren G1/4 da waya mai fil biyu, ka ɗaura ta a duk ramin da ba'a amfani da shi, wasu madabod ɗin, wato babban allon da ake soka komai a kai, suna da wajen sokata an rubuta T_SENSOR. In babu, ka manna baƙin selotef a jikin lagireto ta wajen da tiyo yake shiga ka harba bindigar auna zafi a kai, irin wadda take auna kaya ba goshi kaɗai ba. Baƙin tef ɗin dole ne don ƙarfe mai sheƙi yana rikita bindigar.

Sai ka ba ta aiki mai nauyi da manhajar gwaji, Cinebench R23 ga firosesa, FurMark ko OCCT ga girafik, ko ma aikinka na gaske, ka bar ta minti 30. Kar ka yi minti biyu kace ka gama, ruwa a hankali yake ɗaukar zafi, sai ya daina hawa ya tsaya wuri ɗaya sannan ka rubuta lambobin.

Yanzu ka cire zafin ɗaki daga zafin ruwa. In tazarar 10 ce ko ƙasa, lagiretonka da fankokinka lafiya lau suke, ka ƙyale su. Zuwa 15 da sauƙi. In ta kai 20 ko ta wuce to zafin yana shiga ruwa amma baya fita, matsalarka tana ɓangaren lagireto da iska. In kuma ruwan bai yi wani zafi ba amma firosesa tana tafasa to zafin ne baya shiga ruwan, ka nufi bulok. Akwai hali na uku kuma, wanda shi ne na Alhajin Agege, kuma shi hannu ma yana gano shi: ka taɓa tiyon da yake shiga bulok da wanda yake fita. In ruwa yana gudu yadda ya kamata, hannunka ba zai iya bambance su ba. Lissafin a fili yake, ruwa mai gudun lita 200 a awa in ya ɗauki zafin wat 500 digiri biyu da ɗan ɗoriya kawai zai ƙaru. In gudun ya faɗi zuwa lita 20 a awa sai ƙarin ya haura digiri 20. Don haka duk sanda kaji tiyo ɗaya zafi rau ɗayan kuma da ɗan sanyinsa, ruwan ne baya tafiya. Na kama hannun Alhaji na ɗora masa a kan tiyoyin biyu, yace "Ikon Allah, ai wannan kamar shayi wannan kamar ruwan randa."

Bari in fara da wannan ɗin tunda shi yafi yawa a abun da ake kawo min.

Ka fara da famfo. Ka ɗora yatsa a jikinsa, ya kamata kaji yana ɗan rawa, sannan ka duba gudunsa a HWiNFO64 ko a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta. Famfon D5 in an sake shi gaba ɗaya yana kai wajen juyi 4800 a minti, in kaga yana yawo a 800 ko 1000 to madabod ne ya ɗauke shi a matsayin fanka yana rage masa gudu, ka shiga BIOS ka kai shi ƙarshe ka sake gwaji. Ka lura yawancin famfunan D5 da DDC wayoyi biyu ne dasu, ɗaya ta wuta da take zuwa fawa fak, akwatin da yake raba wa kwamfuta wuta, ta fulogin SATA ko Molex, ɗaya siririya da take zuwa madabod don sarrafa gudu, na sha ganin an soka siririyar an manta ta wutar. Akwai kuma D5 mai ɗan maɓallin murɗawa a gindinsa daga 1 zuwa 5, ka leƙa da tocilan ka gani ko yana kan 1. Amma fa ganin lamba a allo ba shi ne ruwa yana tafiya ba, famfo zai iya juyawa a cikin iska. In kana jin ƙara kamar ana kurkure baki ko kamar tsakuwa a gwangwani, iska ce a ciki, ka kashe nan take. Ruwan ne yake zama masa mai, in ya juya a bushe ƙwallon da yake juyawa a kai yana lalacewa. Shiyasa dole tanki ya kasance sama da famfo yana zuba masa kai tsaye. Wannan ne kaɗai tsarin jeri da yake da muhimmanci, maganar sai lagireto ya zo kafin firosesa ko sai firosesa ta riga girafik duk musun digiri ɗaya ne ko biyu, kar ka ɓata tiyo a kansa.

Fitar da iska sai da haƙuri. Ka zare wutar madabod da ta girafik da komai ka bar famfo kaɗai a jikin fawa fak, ka tada fawa fak ɗin da 'yar gadar da ake sokawa a fulogi mai fil 24, wadda take haɗa koriyar waya da baƙa. In wayoyinka duk baƙaƙe ne kar ka yi canke da kilif, ka sayi gadar a Computer Village, ba tsada. Ka sassauta murfin tanki ka kunna ka kashe ka kunna ka kashe, sannan ka rufe murfin da kyau ka karkata kesin gaba da baya da gefe da gefe, zaka ji ƙulu ƙulu iska tana fitowa daga lagireto, ruwan tanki yana sauka kana ƙarawa. Lagireton sama da na gaba mai bakin tiyo a ƙasa su suka fi ɓoye iska, wani lokacin rabin lagireton iska ce zalla, ka shafa hannu a jikinsa zaka ji wani ɓangaren da ɗumi wani ba komai. Ƙananan kumfa kuma sukan ɗauki kwana biyu uku kafin su gama fita, wannan ba damuwa.

Sai ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har wanda ya bi ta bayan kesin. Tiyo mai laushi in ya sha zafi yana ƙara laushi, lanƙwasar da take lafiya ranar da aka haɗa bayan wata uku sai ka tarar ta karye ta toshe hanya.

In famfo lafiya, iska ta fita, tiyo bai lanƙwashe ba, kuma har yanzu ruwan da yake dawowa tanki ɗis ɗis yake, to bulok ya toshe. A cikin bulok akwai wasu siraran layuka da aka yanka a jikin jan ƙarfe, sun fi haƙoran matsefi matsuwa nesa ba kusa ba, da wani ɗan faranti mai tsaga da yake feso ruwa a tsakiyarsu. Duk dattin da yake yawo a layin nan yake zuwa ya maƙale, kamar rariya. Da muka buɗe na Alhaji wallahi layukan ma ba'a ganinsu, wani jan kunu ne ya daskare a kai, na sa farce na ɗago shi ya taso kamar fatar saman koko in ya huce, a ƙarƙashi kuma ga wani kore kore mai santsi. Na tambaye shi me yake zubawa, yace ruwa mai kala ne ja irin mai kaurin nan tun haɗin farko bai taɓa canzawa ba, in ya ga ya ragu sai ya fasa fiya wata ya ƙara.

Dan Allah 'yan uwa, fiya wata na sha ne. Sunansa ne kawai yake ruɗin mutane, akwai gishirin ƙasa a cikinsa, haka ruwan gora haka ruwan bohol. Ruwan da yake ɗiga daga esi ma da wasu suke tarawa don batirin inbata kar ka zuba, ya bi ta kan alminiyom da ƙura kafin ya iso bokiti. Abun da ake zubawa shine distil wata na gaskiya haɗe da maganin kashe gansakuka da maganin hana tsatsa, ko ka sayi haɗaɗɗe wanda ba kala irin su EK CryoFuel Clear ko Mayhems X1 ko Double Protect Ultra na Aquacomputer. In zaka sayi ruwan batir ka karanta jikin robar da kyau ka tabbatar distil ne ba asid ba, kuma a rufe yake. Masu kaurin nan kamar madara ko fenti suna da kyau a hoto, ba musu, amma garin da yake basu kalar yana kwanciya, ni bana zuba wa wanda kwamfutar take ciyar da shi.

Irin dattin da ka gani shi zai gaya maka daga ina ya fito. Kore mai santsi gansakuka ce, ruwa ba magani ga ɗumi ga hasken taga. Fari mai danƙo kamar majina daga jikin tiyon roba mai haske yake, sinadarin da yake sa shi laushi ne yake zubowa, kuma zafi yana ƙara saurin zubowarsa, shiyasa a yanayinmu nafi son baƙin tiyon EPDM, shi baya wannan. Baƙin gari ko ɓarɓashi ragowar walda ne daga sabon lagireto da ba'a wanke ba kafin a ɗaura. In kuma kaga farin ɓawo ko shuɗi shuɗi da ƙananan ramuka a jikin ƙarfen to an haɗa alminiyom da jan ƙarfe a layi ɗaya, ruwan ya zama kamar batir, alminiyom ɗin yana cinyewa a hankali. Wannan yana faruwa in mutum ya samu lagireto mai araha bai tambayi da me aka yi shi ba. Na alminiyom baya da nauyi a hannu, in ka leƙa cikin ramin kuma zaka ga fari fat, na jan ƙarfe ko tagulla zaka ga ja ja ko ruwan ɗorawa. In haka ne wanki ba zai raba ka da matsalar ba, sai ka fitar da ɗaya daga layin.

Wajen wanke bulok, ka zare kwamfuta daga wuta ka zubar da ruwan duka, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire ɗan farantin nan don yana da fuskar da yake kwanciya. Tsohon buroshin haƙori mai laushi da distil wata da ɗigon sabulun ruwa, ka dinga gogawa ta tsawon layukan ba ta kwance ba. Banda soson ƙarfe. Banda sifirit a jikin murfin akirilik, yana sa shi tsatstsagewa. Binega tana wanke jan ƙarfe tsura amma in bulok ɗinka mai rufin nikel ne, wato mai sheƙin azurfa, ka nisanta ta da shi. Ka mayar da zoben roba cikin raminsa daram, ka ɗaure sukurori a hankali, da ka ji sun kama ka tsaya. Lagireto ma ka cire shi ka zuba distil wata mai ɗumi ka toshe bakin ka jijjiga ka juye a farin kwano, ka maimaita har sai ka daina ganin komai a kwanon, in ba haka ba sati biyu bulok ɗin zai koma gidan jiya.

To mu koma kan wanda ruwansa ne yake zafi. Wannan yafi sauƙi, gwaji ɗaya ne yake raba gardama: ka cire murfin gaba da na sama da na gefe ka kai fankoki ƙarshe ka sake minti 30. In ruwan ya sauko sosai, kesin ne yake shaƙe lagireto. Kesin da gabansa gilashi ne da 'yar siririyar tsaga a gefe yana da kyau a ido, amma fanka ba ta da inda zata jawo iska. Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana isowa har nan, ga hayaƙin janareto ga laimar Legas da take sa ƙurar ta manne ta zama kamar bargo tsakanin fanka da lagireto, inda ido baya gani sai ka cire fankar. Ka haska tocilan ta baya, in haske baya ratsowa iska ma bata ratsawa. Ka fita da shi waje ka hure da bulowa, ka riƙe fukafukan fanka da yatsa kar su yi ta juyawa a banza.

Ka duba fuskar fankokin ma, iska tana fita ta ɓangaren da sandunan da suke riƙe da motar suke, sai dai in irin masu juyayyen fiffike ne, in kana shakka ka sa 'yar takarda ka gani. Na taɓa ganin lagireto mai fanka gaba da baya suna hura wa juna. Kuma lagireto yana son fanka mai ƙarfin turi irin Arctic P12 ko Noctua NF-A12x25, ba kowace mai fitilu ba. Gudun fankar kuma ka ɗaura shi a kan zafin ruwa ba na firosesa ba, don firosesa tana tsalle sama da ƙasa a daƙiƙa ɗaya, sai fanka ta dinga ihu tana shiru ba gaira ba dalili. Manhajar Fan Control tana yin wannan in madabod ɗinka yana ganin sensar.

In duk ka yi wannan kesin a buɗe fanka a ƙarshe kuma tazarar bata sauko ba, sai yanzu ne maganar ƙara lagireto ta taso. Lissafin da masu haɗawa suke bi shine wajen milimita 120 na lagireto ga kowane wat 100. Firosesar Core i9-13900K tana cin wat 253, katin girafik RTX 4090 yana cin 450, kaga 700 kenan, lagireto mai milimita 360 guda ɗaya ba zai ɗauka ba, biyu ma a nan ƙasar daidai wa daida ne. Sannan ka tuna wat 700 ɗin nan duk a ɗakinka yake ƙarewa, ya fi rabin zafin dutsen guga na lantarki da aka bari a kunne, in ƙofa da taga a rufe suke ɗakin zai yi ta hawa ruwan yana bin sa. Ka fitar da ita daga ƙarƙashin tebur, ka matsar da ita daga bango, kar ka ajiye ta kusa da inbata. Ni burina ruwa kar ya wuce 45 ko da rana tsaka. Famfon D5 iyakarsa 60 ne, tiyo mai tauri na PETG kuma tun kafin nan yake fara laushi ya zame daga fitin, wato mahaɗin da yake riƙe shi, mai PETG a ɗakin da ba esi ya sa ido sosai.

Wani abu da nake roƙo a daina: zuba ƙanƙara a tanki ko tsoma lagireto a bokitin ƙanƙara. Ka ga yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi da ka fito da ita daga firij a garin nan? Haka bulok da tiyo zasu yi, kuma a kan madabod gumin zai ɗiga.

Saura wanda ruwansa ba zafi, yana gudu lafiya, amma firosesa tana sama. Alamarsa kana danna aiki cikin daƙiƙa biyu ta kai ƙarshe. Ka cire bulok ka kalli ƙasansa, abu na farko ledar da ake mannawa daga kamfani, ba abun kunya bane ko tsofaffin hannu suna mantawa da ita. Na biyu ka karanta shatin pes ɗin, in ya bazu siriri ko'ina to zama yayi kyau, in gefe ɗaya kauri gefe ɗaya a bushe to bulok ɗin a karkace ya zauna. Ka goge ka sa sabo, Arctic MX-4 ko MX-6 ko Noctua NT-H1 duk sun isa in na asali ne, ka saya inda ka yarda dasu don jabu yana yawo. Ka ɗaure sukurori a gicciye, wannan kusurwa sai mai kallonta, juyi biyu biyu har su zauna. Ka tabbatar ƙafafun da ka ɗaura na soket ɗinka ne, wato mazaunin firosesa a madabod, na LGA1200 ba tsayinsu ɗaya da na LGA1700 ba. Shi LGA1700 ma an san makullinsa yana ɗan lanƙwasa firosesa ta tsakiya, akwai firem da Thermalright da Thermal Grizzly suke yi don gyara zaman, yana rage 'yan digiri. Ka duba IN da OUT a jikin bulok, in aka juya su ruwan baya feso wa layukan ta inda aka tsara.

Katin girafik shi ya kamata ya zauna kusa da ruwa, kamar 10 zuwa 20 a samansa, tunda bulok ɗin a kan ƙwayar katin kai tsaye yake. Ka kwatanta zafin ƙwayar da na wuri mafi zafi da HWiNFO64 yake nunawa, in tazarar ta wuce 20 ko 25 zaman bai yi ba, kuma yawanci fad ɗin da aka sa a kan memori, wato 'yar shimfiɗar da take ɗaukar zafi, shi ne yayi kauri ya ɗage bulok ɗin. Kaurin da takardar bulok ɗin ta faɗa shi zaka sa, rabin milimita ma yana ɓata zama.

Amma akwai inda ba laifin kowa bane. Firosesar Ryzen 7000 irin su 7950X haka AMD ta tsara su, su yi ta ƙara gudu har sai sun taɓa 95 in aiki yayi nauyi, 7800X3D iyakarta 89, su 13900K da 14900K kuma 100. Ƙwayar ƙarama ce zafin ya taru a wuri ɗaya, firosesa mai cin wat 250 zata iya zama digiri 50 sama da ruwa ko da komai daidai ne, in ruwanka 42 ne kaga inda aka kwana. Maganin wannan a BIOS yake. Mai Intel na 13 da 14, wato su 13900K da 14900K, ya sabunta BIOS ya samu gyaran da aka fitar a 2024, ya zaɓi Intel Default Settings, don wasu madabod ɗin sakin linzami suke yi ta ci fiye da 253. Mai Ryzen ya gwada Eco Mode na wat 105 ko Curve Optimizer. Girafik kuma a manhajar MSI Afterburner ka sauke wutarsa zuwa kashi 80 cikin 100, gudun da zaka rasa kaɗan ne, kuma janaretonka ma zai samu sauƙi.

Masu AIO, wato haɗaɗɗen da ba'a buɗewa, kusan duk abun da na faɗa ya shafe ku banda wanke bulok. Ku soka famfo a wajen da aka rubuta AIO_PUMP a madabod ku bar shi a cikakken gudu, kuma kar famfon ya zama shi ne mafi tsayi a layin, saman lagireto ya fi shi tsayi don iska ta taru can. Ruwansa yana raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru, in ya tsufa yana ƙara, tiyo ɗaya zafi ɗaya sanyi, a duba garanti in da saura, in babu a canza shi.

Duk sanda ka buɗe layi ka mayar, kar ka ba madabod wuta sai ka gwada yoyo. In kana da ɗan famfon gwaji na iska ka hura wajen rabin ba (bar, ma'aunin matsin iska) ka bar shi minti 15 ka ga ko allurar zata sauka, in babu ka shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowane fitin ka bar famfo kaɗai yana aiki na wasu awanni kana leƙawa. Sannan ka rubuta ranar da ka zuba ruwan a ɗan tef ka manna a cikin kesin, shekara in ta zagayo ka canza, mai ruwa mai kala kuma wata shida.

Na Alhaji kwana biyu ta yi a wajena. Mun wanke bulok biyu da lagireto biyu, mun canza tiyo zuwa baƙi, mun zuba ruwa mara kala, na ɗaura masa sensa na saita BIOS, lagireto da famfon da ya zo da niyyar saya ko ɗaya bai saya ba. Da ya zo ɗauka na sa ya buɗe aikin bikin da yake hannunsa ya danna renda a gabana, ya kama tiyoyin biyu da kansa ya daɗe yana riƙe dasu. Da zai tafi yace jan ruwan fa, ba za'a ɗan ɗiga masa ko kaɗan ba don kwalliya? Nace Alhaji fitilun kesin ɗin zan mayar maka ja, ruwan a bar shi haka, kuma ranar Asabar in ka yi aikin rana ka turo min lambobin nan uku ta WhatsApp.